Mai Sunan Malam

Shafi na 31

Masu hana ni sakat tun jiya a kan Zalika, ga ta nan. Ku nemi wuri ku zauna tukuna.

*

"Mayar baya kaɗan," in ji Baba Hashimu.

Ya danna abin sauraren a kunnensa da yatsa biyu, ya rufe ido. Shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo kafin ya yi ritaya ya dawo taya ɗiyar amininsa aiki, kuma Zalika ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

"Baba, lahiya?"

"Mayar, na ce. Inda take lissafa su."

Jiya da la'asar ta saka muryar a shafinta na Fesbuk, Bakin Rijiya, shi yana can Bambeye wurin ta'aziyya. Muryar mace ce, Zalika ta jirkita ta da na'ura har ta koma kamar ta ƙato mai mura. Matar tana faɗin yadda mutum biyar suka kashe Isma'ila makiyayi da sanduna a bakin foraj, rijiyar burtsatse ta Tudun Aduwa, don ya yanke wayar da Alhaji Tanimu ya kewaye ruwan gari da ita, ya shayar da awakinsa. An ce raƙumi ne ya take shi, a haka aka binne shi. Kafin gari ya waye mutum dubu arba'in sun saurara.

Ta kai hannu za ta mayar ke nan aka sa wa ƙofa ƙafa.

Ƙofar langa-langar ta bugi bango ta dawo. Mutum biyu suka shigo, zafin rana na bin bayansu. Na gaba dogo ne, da tabon wuƙa a gira. Ciɗo, na hannun daman Alhaji Tanimu. Na baya gajere mai faɗin ƙirji, Abdu, adda a hannunsa, ko ɓoye ta bai yi ba.

"Salamu alaikum, 'yan jarida," in ji Abdu.

Baba Hashimu ya cire abin sauraren a hankali ya ajiye.

"Wa alaikumus salam. Ƙohwar a buɗe take, samari. Ba ta yi muku komi ba."

Abdu ya mayar da ita ya sa sakata. Ya zo bakin tebur, ya dubi kwamfutar kamar mai taya akuya a kasuwa, sannan ya ɗaga addar ya sauke mata a tsakiya. Sara ɗaya, biyu, uku. Gilashi ya tarwatse har cikin kofin shayin tsohon.

Zalika ta miƙe tsaye.

"Kun makara. Ko ɗakin ga kunka ƙona, muryar na cikin salular mutane daga nan har Abijan."

Ba ta ga hannun Ciɗo ba, jin sa ta yi. Kunnenta ya ɗauki ƙara, ta faɗa kan kujerar roba, kujerar ta karye da ita. Ɗanɗanon gishiri ya cika mata baki.

"Ɗiya mace ce, Ciɗo," in ji Baba Hashimu. "In duka kake so ga ni."

"Ka jira layinka, tsoho," in ji Abdu.

Ciɗo ya zaro takarda daga aljihu ya jefa mata a cinya.

"Sha biyun rana kike shiga direk kullum, kai tsaye gaban masu kallo. Yau wagga za ki karanta."

Ta buɗe. Rubutun mashin ne, da Faransanci a sama, da Hausa a ƙasa. Ni Zalika, mai shafin Bakin Rijiya, ina sanar da jama'a cewa muryar da na saka jiya ba ta mutum ba ce. Na'ura ce ta ƙirƙira ta. Babu wata mata, babu wata shaida. Ina neman gafarar Alhaji Tanimu da iyalinsa.

Ta tofar da jini a gefe.

"Wa za ya yarda da wanga?"

"Kowa," in ji Abdu, yana dariya. "Ai zamanin ke nan. Ran nan na ga wani mamaci cikin salula shina tallar maganin basir, shekara tara da binne shi. In anka sa matacce magana, mi a wuyar ƙera tsohuwa guda?"

"Ba ni karantawa."

"Kina karantawa."

"Ku sare ni yadda kunka sare ordinatar. Sunanta dai ba ku jin shi ga bakina. Na yi mata rantsuwa."

Ciɗo ya dube ta. Ba dariya a fuskarsa, ba fushi.

"Wa yat tambaye ki suna?"

Ya fito da tasa salular, ya lalubo muryar, ya ja ta zuwa tsakiya, ya ɗora a kan tebur cikin fasassun gilasai. Muryar ƙaton nan mai mura ta cika ɗakin.

"...na gane su duka, Allah na gani. Da Abdu gajere, da Habibu direba, da 'yan'uwa biyu na gidan mahauta, da... da mai sunan Malam. Shi ar riƙe da igiya."

Ciɗo ya tsayar.

Baba Hashimu ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da kunnena yaj jiyo ke nan."

"Mine ne, Baba?" Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Laƙabi ne. Ai laƙabin wani ne cikinsu."

"Lekkol ta cuce ki, 'yar boko," in ji Abdu. "An kai ki Yamai an maido mana ke ba kunne."

Ciɗo ya ja benci ya zauna gabanta, gwiwarsa kusa da tata.

"Kin san sunana na yanka?"

Ta girgiza kai.

"Jibrilla. Sunan kakana anka sa mini, Malam Jibrilla, limamin Tudun Aduwa. Shekara ashirin da rasuwa tai. Akwai mace guda da ta auri ɗanshi, baffana. Suruka ba ta kama sunan uban miji, ko shina kabari. Ko ga wani ta ji sunan, kewaye shi take. Uwata ta mutu ina da kwana arba'in. Matar ga ita tag goye ni. Ita tay yaye ni. Duk garin Ciɗo suke ce mini, malamin lekkol shi ce Jibrilla. Mace guda tak a duniya ke ce mini mai sunan Malam."

Sai Zalika ta tuna ranar da ta ɗauki muryar. Ta ga tsohuwar zaune a bayan rumbu, kara a hannu tana zane ƙasa, tana lissafa sunaye da yatsu. Ta ga inda ta tsaya a yatsa na biyar, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Ita kuwa a lokacin idonta na kan allon salula, tana duba ko sautin na shiga da kyau.

"Kin canza mata murya," in ji Ciɗo, "kin bar mata kunyarta."

"Na ce ki jira ni in dawo," in ji Baba Hashimu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kwana guda, Zalika. Mu a rediyo rubuta maganar mai shaida muke, in karanta da bakina. In cire rantsuwa tai, in cire gaisuwa tai, har zakaran da yay yi cara bayanai sai na cire."

"Ba a yarda da karatu yanzu, Baba. Sai sun ji da kunnensu. Kuma wani shahin na shirin riga ni..."

"To sun ji."

Ta juya ga Ciɗo. "Kai kah hwaɗa wa Alhaji?"

Abdu ne ya amsa.

"Alhaji ɗan ƙauye ne kamar mu, ji guda yay yi da asuba. Habibu ya tashi da kat-kat, motar Alhaji, tun sha ɗaya saura, da mutum uku, za su ɗauko Inna Hajaratu ta zo ta sha iskar birni." Ya duba agogon bango. "Sha biyu saura takwas. In hanya ta yi kyau, rabin awa ta rage musu. Ki karanta takarda, Alhaji na kallo, shi buga wa Habibu shi juyo. Ki ƙi, ke kin san sauran."

Zalika ta dubi takardar. Layi biyar. Ta karanta su, shafin da ta gina shekara huɗu ya mutu a yau, ba wanda zai sake yarda da ko gaisuwarta. Wannan bai dame ta ba kamar yadda ta zata. Hannunta ya fara gyara takardar a kan gwiwa.

"Ɗiyata," in ji Baba Hashimu. "Kada ki karanta."

"Baba, rai ne."

"Shi nike hwaɗa miki. In kin ce babu mata, to babu mata. Wadda babu ita, in ta ɓace wa za ya yi cigiyarta? Yanzu dubu arba'in sun san akwai ta. Kina karantawa kin gina mata rame da..."

Abdu ya kama hannun tsohon ya shimfiɗa a kan tebur. Ya juya addar, ya sauke ƙotar a kan yatsun. Ƙarar ta yi kamar an taka busasshen kara.

Baba Hashimu bai yi ihu ba. Numfashi ya ja ta haƙora, ya zame daga kujera ya durƙusa, ya rungume hannun a ƙirji. Yatsu biyu sun kalli inda yatsa ba ya kallo.

"Saura takwas," in ji Abdu. "Yatsun nike nuhi, ba minti ba."

Zalika ta rarrafa wurinsa, Ciɗo ya fizgo ta da wuyan riga ya zaunar a bencin.

"Kai ka yarda za ya juyo da motar?" ta tambaye shi, a hankali yadda shi kaɗai zai ji.

"Rufe mini baki."

"Kai ne babba cikinsu. Kai ka san ƙohwar ɗakinta ko da ido ruhe. Don mi anka aike ka nan, anka tura Habibu can?"

Ya ɗaga hannu. Ta rufe ido tana jira. Marin bai sauka ba.

"Buɗe salularki," ya ce.

Ta sa yatsa ta buɗe. Ya karɓa, ya ja baya taku biyu, ya saita ta.

"Share jinin ga," in ji Abdu. "Ja kallabi ki ruhe kuncin. Kada a ce mun taɓa ki."

Ta share. Ta ja kallabin. Tana yi tana lissafi a zuci. Inna Hajaratu ba ta da salula, ba ta taɓa riƙe ta ba. Amma yau Laraba, ranar kasuwar Tudun Aduwa ce. A bakin kasuwar akwai rumfar Rissa, Buzun da ke cajin salula da hasken rana, wanda kullum sha biyu yake haɗa direk ɗinta da lasifika, masu jiran caji da masu sayar da awaki su taru su saurara. Daga rumfarsa zuwa ɗakin tsohuwar bai fi jifa uku ba.

Hanya ɗaya ce ke riga kat-kat isa garin nan. Kuma sai ta bi ta kan rantsuwarta.

Ranar da za su rabu tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce, ɗiyata, ni ba ni da kowa sai Allah, kada sunana shi hita. Ita kuma ta ce, Inna, ko da wuƙa ga wuyana.

Abdu ya koma bayan Baba Hashimu, inda kyamara ba ta kai ba, ya ɗora masa kaifin addar a kafaɗa.

"Bisimilla, madam."

Ciɗo ya danna. Jan ɗigo ya kama.

"Jama'ar Bakin Rijiya, salamu alaikum."

Ba ta ganin allon, bayan salular take kallo. Sai ta dubi Ciɗo.

"Mutum nawa?"

"Ɗari uku."

"Mu jira su taru. Alhaji ba ya son a ce a ɓoye anka wanke shi."

Abdu ya yi murmushi. "Ta fara hankali."

"Dubu da ɗari biyu," in ji Ciɗo. Can kuma, "Dubu uku."

"Karanto mini masu gaisuwa. Kullum da su nike farawa, in ban yi ba za a gane da wani abu."

Ciɗo ya dubi Abdu. Abdu ya ɗaga kafaɗa.

"Nafisa daga Agadas. Wani daga Libiya, ya ce ina labarin foraj. Mutanen Affala suna gaisuwa." Ya tsaya. Idonsa ya bar allon ya sauka a kanta, ya daɗe. "Rissa mai caji. Ya ce Tudun Aduwa na saurare, kasuwa ta cika."

Ta ɗaga takardar.

"Ni Zalika, mai shafin Bakin Rijiya, ina sanar da jama'a cewa muryar da na saka jiya..."

Ta saki takardar ta faɗi. Ta janye kallabin daga kuncinta.

"...muryar Inna Hajaratu ce, surukar marigayi Malam Jibrilla, ta Tudun Aduwa. Mace ce mai rai, kuma gaskiya ta hwaɗi. Rissa, ka ji ni. Farar kat-kat ta Alhaji Tanimu na bisa hanya, Habibu ke tuƙi, mutum huɗu ne, ita za su ɗauka. Ku tashi yanzu. Ku kai ta cikin mutane, kada ku bar ta ita ɗai."

"Kashe salular, Ciɗo," in ji Abdu.

"Duk wanda ke kallo shi riƙe sunan ga. Hajaratu. In ta ɓace kun san wa..."

"Na ce ka kashe!"

Babban yatsan Ciɗo na kan allon. Bai motsa ba. Hannunsa ma gyara saiti ya yi, ya sa fuskarta a tsakiya, da kumburin da jinin.

Abdu ya tsallake tsohon ya yo kanta. Ta ga addar ta tashi, ta kare da hannun hagu. Ba zafi ta fara ji ba, sanyi ta ji, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sannan rigarta ta jiƙe. Ta faɗi ta baya, bencin ya bi ta.

Ya sake ɗagawa.

Baba Hashimu, da hannunsa mai lafiya, ya fizgo butar shayi daga kan gawayi ya watsa masa a wuya. Abdu ya yi ƙara, ya juya ya tokare tsohon a ƙirji da ƙafa, kan tsohon ya bugi bango.

Sai a lokacin Ciɗo ya ajiye salular. A kan tebur ya jingina ta da kofi, kyamarar na kallon ɗakin, kamar mai ajiye ƙwai.

"Abdu."

"Kai ma ka mutu, ɗan tsohuwa. Alhaji na kallo."

"Shi kalla."

Addar ta sami Ciɗo a kafaɗa, ta shiga. Bai ja baya ba, cikinta ya shigo, ya kama wuyan hannun Abdu da hannu biyu ya murɗe har wani abu ya ɓalle. Suka faɗa kan tebur, suka faɗo ƙasa, gilashi na ƙara a ƙarƙashinsu. Abdu ya kafa masa haƙora a kunne. Ciɗo ya lalubo batirin mota da suke kunna fitila da shi in an ɗauke kuran, wutar lantarki, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya sauke wa Abdu.

Sau ɗaya.

Ƙafafun Abdu suka miƙe, suka yi shiru. Ƙirjinsa na hawa da sauka, amma idonsa ya juye.

A waje an taru. Ana dukan ƙofa, ana kiran sunan Baba Hashimu. Ta tagar waya Zalika ta hango hannuwa, kowanne da salula a ɗage, ana ɗauka.

Ta naɗe hannun da kallabi, ta ja da haƙora ta ɗaure. Ta ja jiki zuwa wurin tsohon.

"Baba. Baba Hashimu."

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin hwaɗi sunan?"

"Na hwaɗi."

"Shekara talatin ban taɓa ba." Ya yi tari, jini a leɓensa. "Da ni ne yau, da na hwaɗi."

Wani abu ya fara kuka a aljihun rigarsa. 'Yar tsohuwar salularsa ce mai maɓalli, lambar da suka rubuta a shafin don masu kawo labari. Zalika ta zaro, ta danna, ta sa a lasifika.

Hayaniya ta fara shigowa, kukan awaki, muryoyin mata, sannan Hausar Rissa mai karyewa.

"Madam Zalika? Rissa ne. Mun ji, duk kasuwa ta ji. Mun tahi ɗakinta."

"Kun same ta?"

"Mun same ta tana sussuka. Na kawo moto in kai ta ruggar 'yan'uwana, ta ƙi hawa. Ta ce ba ta gudu daga garin da ta binne miji. Ga ta nan rumfata, mata sun kewaye ta."

"Motar fa?"

"Ta iso. Ga ta bakin kasuwa, mutane sun gitta amalanke sun tare hanya. Habibu ya hito." Numfashinsa na shiga salular. "Madam, da bindiga ga hannunai."

Ciɗo ya taso daga kan Abdu. Jini na bin hannunsa yana ɗiga daga yatsu.

Aka yi ƙus-ƙus a can, kamar ana karɓar salular daga hannu zuwa hannu. Sai wata murya ta fito, siririya, tsohuwa, ba na'urar da ta taɓa ta. Zalika ta san ta. Yanzu duk mai kallon direk ya san ta.

"Ina mai sunan Malam?"

Ciɗo ya durƙusa a gaban 'yar salular kamar yadda ake durƙusa wa babba.

"Inna."

"An nuna mini kai cikin abin ga na Rissa. Jinin da nig gani, naka ne?"

"Kaɗan ne, Inna."

"Kullum haka kake cewa." Ta ja numfashi. "Yarinyar na kusa?"

"Ga ni, Inna," in ji Zalika. "Na karya rantsuwa. Ni na..."

"Na ji. Ki yi kaffara, ni na yahe. Ai ni na fara tona kaina, bakin da ya saba ba ya sakewa rana guda." Hayaniyar bayanta ta ƙaru, wani namiji na ba da umarni a ja amalanke. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. "Kai nike wa magana. Huɗu na kira da sunansu gaban duniya. Na biyar kunya ta hana ni, ba tsoro ba, kuma ba don in ɓoye ka ba. Isma'ila ya bar ɗiya uku. Ni bakina ba ya iya kama sunan ga har in mutu. Kai naka na iyawa."

"Inna, ki shiga cikin mata, ki duƙa. Ina zuwa yanzu."

"Ba zuwa nac ce ka yi ba."

"Inna..."

Ƙarar bindiga ta fasa 'yar lasifikar. Ɗaya. Ihun mata ya taso gaba ɗaya, wani abu ya faɗi, sannan layin ya mutu.

"Rissa?" Zalika ta danna kira. "Rissa." Ta sake dannawa, yatsanta na zamewa a kan maɓallin saboda jini. Ba ta shiga. Ta sake.

Ciɗo na nan durƙushe gaban 'yar salular. Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki salular Zalika daga inda ta zame a kan teburin. Jan ɗigon na nan. Mutum dubu goma sha ɗaya, rubutu na gudu a ƙasa kamar tururuwa, kowa na tambayar abu ɗaya.

Ya goge allon da gefen rigarsa. Ya juyo da kyamarar, ta cika da fuskarsa, da tabon gira, da kunnen da aka ciza.

"Sunana Jibrilla," ya ce. "Ni ar riƙe da igiya."